Baffa a Kujerar Abokin Ango

Tun da na dawo daga Dubai ban huta da tambaya ba. A gidan rediyo, kafin in shiga karanta labarai sai wani ya tare ni, a masallacin unguwa ma haka. Kowa ya ga hoton nan da 'yan kasuwa suka riga ni isowa da shi Kano: ni da babbar riga a bayan mota, kusa da matar ɗana, fuskata kamar ta wanda aka kama da laifi. Na gaji da bayani guntu-guntu, shi ya sa na zauna in faɗi yadda aka yi tun daga farko. Abin da na gani zan faɗa. Abin da ban gane ba, kuma yana da yawa, zan ce ban gane ba.

Nura ɗan yayana marigayi ne, a hannuna ya ƙarasa girma. Yana aiki a unguwar Deira ta Dubai, a ofishin masu tura wa 'yan kasuwarmu kaya gida. A 2012 ya bugo waya ya ce ya samu matar aure, 'yar ƙasar Girka, sunanta Eleni, tana aiki a wani kamfanin jiragen ruwa. A lokacin kusan kullum sai na ambaci Girka a labaran duniya, saboda matsin tattalin arziki da zanga-zanga. Ban taɓa zaton ƙasar za ta biyo ni har gida ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Binta, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi gwiwarta ba za ta iya zaman jirgi ba, ko da yake gwiwar nan ta je Umara bara. Akwai wasa tsakanina da ita, irin na matar wa da ƙanin miji, amma ranar da na je sallama ba ta yi dariya ba. Ta ɗaure min goro da daddawa da yaji, ta ce, "Kai ne ubansa, mai muryar rediyo. Ka je ka gano min ko mutane ne."

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, jirgin cike da masu zuwa sari. Kusa da ni akwai wata Hajiya Ladi mai shagon leshi, wadda ta gane muryata tun daga sallama. Kafin mu sauka ta tatse labarin duka, ta kuma naɗa kanta uwar biki. Ta ce tun da uwar ango ba ta zo ba, ita da abokan sarinta ne za su kai amarya, don ba a taɓa kai amarya da maza zalla ba. Ban gayyace ta ba, ban kuma san yadda ake hana irinta ba.

A filin jirgin Dubai aka sa ni leƙa wata na'ura mai duba ƙwayar ido. Jami'in yana ta cewa in buɗe ido, ni kuwa iyakar buɗuwarsu ke nan. Da na wuce nan, daddawa ta tona kanta a wajen masu binciken kaya. Na yi ƙoƙarin bayani da Larabcin Islamiyya, mutumin ya amsa min da Turanci, a tausaye. Goron ne ya fi ɗaure masa kai. Ya fasa ɗaya, ya sansana, ya kira wani ɗan Sudan da ke aiki a wajen. Shi kuwa da gani ya ce, "Goro!" ya jefa ɓari a baki, aka ce min khalas, in wuce.

Masaukina wani ƙaramin otal ne a Deira, inda kwalayen kaya suka cinye rabin hanyar wucewa. A matakala Hausa ake yi, ana maganar kwantena da biza kamar a kasuwar Kwari. Da safe akwai shayi mai kauri da wata gurasa mai maiƙo ta 'yan Indiya, da rana kuma wani bene da ake sayar da tuwo a ɓoye, sai wanda ya sani. A nan Nura ya kawo min abokinsa Issaka, ɗan Zongon Kumasi, mai tsaron ƙofar wani babban otal. Ɗaki ɗaya suka yi shekaru suna kwana a unguwar Muraqqabat. Dogo ne, mai fara'a, ya riga ya ɗinka kayan babban abokin ango, har ya nuna min hotonsu a waya.

Mahaifin Eleni ya sauka a ɗaya gefen ruwan da ya ratsa garin, don haka muka haye a abra, wato kwalekwalen katako mai inji. A wani gidan abinci muka same su. Eleni na ganina ta taso da hannu a buɗe za ta rungume ni. Na ja da baya da sauri har na bangaji mai kawo abinci. Daga nan na yi abin da duk uba mai mutunci zai yi a gaban surukarsa: na sunkuyar da ido, na mai da gaisuwata ga mahaifinta, na tsawaita ta. Da aka kawo abinci, ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki, da zaitun, da wani cuku mai gishiri, na ɗan taɓa na janye hannu. Yunwa nake ji, amma ba a zama a buɗe ciki a gaban matar ɗa. A raina ina yaba wa kaina yadda na fita kunyarta.

Mahaifin nata, wanda muka koma kira Malam Kosta, tsohon malamin tarihi ne, gajere mai farin gashi, matarsa ta rasu. Ya ce shi bai ƙi Nura ba. Damuwarsa ita ce coci ba za ta ɗaura wannan aure ba, kotu kuwa sa hannu ne kawai, shi kuma ba zai miƙa 'yarsa tilo kamar takardar kaya ba. Saboda haka ya koma can baya, ga yadda kakanninsu na dā suke kai amarya tun kafin a san coci. Na tambaye shi kai tsaye ko akwai yanka ko roƙon wani abin bauta a ciki. Ya ce duk ya cire waɗannan, mutanen kawai ya bari.

Sai ya fito da hoton wani tsohon tulu mai zane. A jikinsa akwai keken dabbobi, mutum uku zaune: amarya a tsakiya, ango a gefe ɗaya, wani namiji a ɗaya gefen. A baya wata mace na biye da wuta a hannu, a gaba wata na tsaye bakin ƙofa, ita ma da wuta. Ya ce ta bayan uwar amarya ce, ta ɗebo wuta daga murhun gidanta tana raka 'yarta, ta ƙofar kuma uwar ango ce mai tarba. Namijin nan na uku ana ce masa paranimfos. Aikina ke nan furta sunayen ƙetare, amma sai da na nemi ya maimaita. Ya ce shi ne mafi kusa da ango, aboki ko ɗan uwa, kuma wa ya fi ni kusa da Nura? Na ɗauka wakilcin ango yake nufi, na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu. Nura ya ƙura wa farantinsa ido.

Sai a abra, muna komawa, ya buɗe baki. "Baffa, ka san abin da ka amsa kuwa? Kujerar nan ta kusa da amarya ce."

Na ce wace kujera. Ya nuna min hoton tulun a wayarsa. Na daɗe ina kallon mutumin nan na uku.

A wajenmu abokin ango sa'an ango ne. Shi ne mai zirga-zirga, mai tsokanar ƙawayen amarya, mai faɗin maganar da babba ba zai so ya ji ba. Uba kuwa yana karɓar aure a gaban dattawa, ya yi addu'a, ya koma gida ya yi kamar bai san inda ɗakin yake ba. Waɗannan mutum biyu ne, ba sa zama a jiki ɗaya. Na ce wa Nura ya je ya gyara. Ya ce ya gwada tun kafin in zo, tsohon ya ce idan dangin ango sun zo suka ƙi kujerar, to ya gane amsarsu.

Issaka ne ya fi kowa jin zafi. Ya ce shi da ya sha sauron Muraqqabat da Nura, ko da yake babu sauro a can, yau an ture shi saboda tulu. Malam Kosta ya lallashe shi da wani muƙami: a al'adar tasu akwai abokin ango na biyu da ke tsare ƙofar ɗakin amarya, ya hana ƙawayenta shiga, su kuma su yi ta waƙa a waje suna yi kamar za su ƙwato ta. Issaka ya ce wato ranar hutunsa ma ƙofa zai tsare. Amma ya karɓa, har ya fara tambayar ko da hular aiki zai zo.

A kotu aka ɗaura auren, cikin ɗan lokaci, tsakanin wasu 'yan Pakistan da wasu Misirawa masu jiran layi. Na fito da gorona babu wanda zan raba wa. Na ba Malam Kosta ɗaya, ya ciza, fuskarsa ta tattare, amma ya haɗiye don girmamawa. A duk kwanakin nan na ci gaba da kiyaye mutuncin Eleni yadda na sani. In ta shigo na miƙe na ba ta wuri. In ta yi min magana na amsa a gajarce, ina kallon ƙasa. Game da kujerar kuwa, na yanke a raina cewa ranar zan faɗa gaban mota kusa da direba, kowa ya ga an wuce wurin.

Ana gobe kai amarya, bayan la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Malam Kosta ne shi kaɗai, ya ratso kwalayen nan yana haki. Bai zauna ba ya ce, "Me 'yata ta yi maka?"

Na ce ba ta yi min komai ba. Ya ce to don me nake gudunta? Ta miƙo hannu na kauce, ta zauna na tashi, abincin da ta zaɓa da kanta na ƙi ci. Jiya ta yi kuka, ta ce uwar mijinta ta ƙi zuwa, wanda aka aiko kuma ba ya iya kallon fuskarta. Ya ce in gidanmu ba ya son ta, in faɗa masa yanzu, ya san yadda zai koma da zuciyarsa.

Na shekara da shekaru ina bayyana wa jama'a rikicin ƙasashe cikin minti biyu, amma kunya ta gagare ni fassarawa. Na ce masa a wajenmu wanda ka girmama shi kake ba wa tazara, kuma da ban ɗauke ta matar ɗana ba da na zauna na cinye abincin nan har na nemi ƙari. Ya saurara kamar malami, ya yi tambayoyi, har ya ce abin sha'awa ne. Na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Na gane. Amma ita ba za ta ji wannan bayanin a cikin mota ba. Gefenta kawai za ta duba." Ya ƙara da cewa uwarta ba ta nan, shi zai riƙe wutar a madadinta. Bai san wa zai tarbe su a ƙofa ba.

Ban yi masa alkawari ba. Na raka shi har bakin titi, na dawo ban san abin da zan yi ba.

Washegari gab da magariba muka taru a ƙofar masaukinsu. Motar wani abokin aikin Nura ce aka yi wa ado. Hajiya Ladi ta iso da mata cike da wata motar, da turaren wuta da guɗa. Ƙawayen Eleni, 'yan Girka da 'yan Filifin, suna gefe da furanni. Malam Kosta ya fito riƙe da wata tsohuwar fitilar ƙwai, irin wadda muka yi karatu da ita muna yara. Ta ɗakin girkin matarsa ce, ya taho da ita daga gida. Aka shigar da Eleni baya, lulluɓe da mayafi, Nura ya shiga ta ɗaya gefen.

Na nufi ƙofar gaba kamar yadda na shirya. Hannuna na kan marfin na waiga. Tsohon yana tsaye da fitilarsa, bai kuma nufi tasa motar ba. Ta gilashi na ga Eleni ta matsa tsakiya ta bar wuri, ta ɗora hannu a gwiwa, ba ta kallon wurin. Na saki marfin gaba, na tattare babbar rigata, na shiga baya.

Hajiya Ladi ta ce, "Malam, lafiya? Gaba fa babu kowa."

Na ce na gani.

Na manne da ƙofa iyakar iyawata, amma motar ƙarama ce. Muka haye gada muka faɗa cunkoson Deira, a daidai lokacin da 'yan kasuwarmu ke fitowa daga shaguna. Wani Alhaji da muke sallah sahu ɗaya a Kano ya leƙo, ya gan ni, ya gaishe ni da cikakken suna, ya ɗaga waya. Hoton da kuka gani ke nan. Ina cikin wannan hali na ji murya daga ƙarƙashin mayafi, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, da Hausar da aka yi kwanaki ana haddacewa: "Sannu da zuwa, Baffa." Tun ranar farko ta tanade ta, ni ne ban tsaya ta faɗa min ba.

Na ce, "Yauwa, 'yata. Sannu."

A gidan da suka kama a Muraqqabat, mai gadin benen ya ce ba a shiga da wuta. Issaka ya ja shi gefe yana lallashinsa da Larabci, habibi kaza, shwaiya kaza, har ya kau da kai. Na riga kowa hawa, ban kuma san lokacin da na yanke shawarar ba, sai ga ni tsaye a ƙofar, a wurin matar nan ta jikin tulu. Malam Kosta ya hawo a hankali, ya miƙo min fitilar, na karɓa. Ya kama hannun 'yarsa ya tsallakar da ita. Daga nan ƙawayenta suka zazzaga wa ango da amarya busasshen ɓaure da gyaɗar Turawa da dabino a ka, wai alamar wadata. Rabi a hulata ya sauka.

Abin da ya biyo baya har yau ban iya tsara shi a kaina ba. Matan Hajiya Ladi suka shige ɗaki da amarya, suka zauna a bakin gado, suka ce ba mai fitar da su sai abokan ango sun sayi baki. Nura, ɗan Kano, ya sulale ƙasa don ya jira a rako shi kamar yadda ake yi. Issaka ya rufe ƙofa ya tsaya, hannu a ƙirji. Ƙawayen amarya suka fara waƙarsu suna tura shi. Wato a ciki akwai matan da suka ƙi fita, a waje akwai matan da aka hana shiga, ango kuwa yana matakala. Malam Kosta yana ta tambayata ina angon, don a tasu al'adar ya kamata a ce yana ciki tuntuni. Da Nura ya hawo da abokansa, Issaka ya tare shi.

"Malam Kosta ya ce kar kowa ya shiga. Kana da izini?"

"Issaka, ɗakina ne."

"Haka kowa ke cewa a otal ɗinmu."

Daga ciki Hajiya Ladi na kiran babban abokin ango ya zo a yi ciniki. Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce a'a, aikin da tulun ya ba ni iyakarsa mota ce, daga nan kuma Issaka ne. Ya cire hular aikinsa, ya tattara ɓaure da dabinon da ke ƙasa a cikinta, ya shiga yana cewa da kuɗin Girka zai biya. Na ji matan sun kwashe da dariya suna zaginsa da Bagwanje marowaci. Ni da Malam Kosta muka sauka ƙasa, kowa ya yi tasa addu'ar, muka zauna a bakin shagon wani mai shayi. Malam Kosta ya roƙi goro. Wannan karon bai tattare fuska sosai ba.

Ranar da zan taho ya zo filin jirgi da fitilar, an juye kananzirin, an naɗe ta da tawul. Ya ce wurin da na tsaya a ƙofa na uwar Nura ne, aro na yi, don haka in kai mata. Na tambaye shi ko haka al'adar ta ce. Ya ce a'a, wannan ba ya jikin tulu, shi ya ƙara.

Hajiya Binta ta riga ta ga hoton kafin in iso. Ta bar ni na gama gaisuwa, sannan ta ce ta aiki uba, an dawo mata da abokin ango, saura ta ji na yi rawa. Na ba ta labari kamar yadda na ba ku, ban rage ba. Na ajiye fitilar a gabanta. Ta juya ta, ta ce duk zinaren Dubai fitilar ƙwai na ga dama. Ta tambaya ko mutane ne. Na ce ban gane rabin abin da suke yi ba, amma uban ya hau bene yana haki don ya tambaye ni me 'yarsa ta yi min. Ta tura fitilar ƙarƙashin kujera.

Bayan kwana biyu na koma gidan da magariba, an ɗauke wuta. Fitilar na kan tabarma a tsakar gida, tana ci. Na yi kamar ban gani ba. Muna cikin hirar wani abu daban ta katse ni.

"Kai da ka iya sunayen Turawa. Yaya ma ake faɗin sunan yarinyar?"

Na faɗa mata a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda nake koya wa sababbin ma'aikata. Ta maimaita, ta kuskure, ta sake. Da ta daidaita shi, ta miƙo min wayarta ta ce in nemo mata lambar Nura.